Tsohon Batir a Cikin Kwamfuta

Yau kwamfutar hannu ta shigo garuruwanmu. A Gafati za ka gan ta wurin malamin makaranta, ko ma'aikacin likita, ko ɗalibin jami'ar Damagaram. Yawanci ta hannu ce aka sayo, ta riga ta sha aiki.

Ƙura ba ta barin madannan rubutu su daɗe. In sun lalace, sai a kai wa mai gyara a birni. To, a nan ne ya kamata ka buɗe ido.

A kwamfutoci marasa kauri, batir yana ƙarƙashin madannan. A wasu ma, da gam aka manne shi. Kafin mai gyara ya sa sababbi, sai ya ɓamɓare batirin. Batirin nan na sinadarin litiyom ne. Cikinsa akwai fallaye siraran gaske. In ya lanƙwashe ko ya huje, fallayen sai su haɗu, ya yi zafi, ya kama wuta. Ba lalle ba ne ranar nan. Yana iya yin kwanaki, sai ana caji cikin dare.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2006, kamfanin Dell ya janye batir fiye da miliyan 4 saboda tsoron gobara. Ka tuna kuma da zafin bazararmu, wanda yake wuce digiri 40. Zafi yana saurin tsofar da batir.

Wani lokaci ma batirin ne ya kumbura, ya turo madannan sama. Ka ga canza madannai kaɗai ba zai yi magani ba.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka bar caji ya ragu sosai kafin ka kai gyara.
2. Ka ce wa mai gyara: "Malam, don Allah nuna mini batirin."
3. In ya kumbura, ko ya lotsa, ko yana wari, kada a mayar da shi.
4. A binne shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da zana da rumbu.
5. Kada a jefa shi a wuta ko a juji, inda yara suke wasa.

Sabon batir yana da tsada, gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. Kuɗin batir bai kai kuɗin ɗaki ba.

Tambayoyi:
Me ya sa lanƙwasasshen batir yake kama wuta?
Waɗanne alamomi uku za ka duba?