Daga Ƙaramar Kwaleji Zuwa Sararin Sama

A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu, waɗanda kuɗinsu bai kai na jami'a ba. An buɗe ɗaya daga cikin na farko a garin Joliet a 1901. Ɗalibi mai sha'awar fiziks da ilmin taurari yakan fara da lissafi mai zurfi, sa'an nan ya koyi ka'idojin motsi, da lantarki, da haske. Bayan shekara biyu yana iya wucewa jami'a ya cika digiri, ko ya kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Mai son zama masanin taurari kuwa, sai ya kai ga digirin dakta.

Mu dubi Eileen Collins. Iyayenta ba masu hali ba ne, saboda haka ta fara karatu a irin wannan kwaleji a Corning, ta gama a 1976. A 1999 ta zama mace ta farko da ta shugabanci tafiyar kumbon Amurka, wanda ya kai na'urar hangen taurari ta Chandra sararin sama.

Ɗalibanmu, kada mu rena ƙaramin mafari. Mu riƙe lissafi da kyau tun yanzu, gama shi ne mabuɗin wannan ƙofa.