Muwaɗɗa A Gaban Masu Binciken Zamani

Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure, ko a Toranke ne ko Gaya ko Ajingi, ya san darajar Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da isnadin da malamai ke kira sarƙar zinariya, watau Malik daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar. To, amma ranar da ya shiga jami'a zai tarar an daɗe ana jayayya a kan wannan sarƙa, ya kuwa kamata ya san asalin maganar.

A 1890 Ignaz Goldziher, mutumin Hangari, ya ce yawancin hadisai an ƙago su ne daga baya. A 1950 Joseph Schacht, wanda ya zo Nijeriya ta Arewa a shekarar nan domin nazarin shari'a, ya ƙara da cewa malaman ƙarni na biyu na Hijira ne suka jingina ra'ayoyinsu ga Annabi (S.A.W.), har ya yi shakkar Malik ya isa ɗaukar karatu wurin Nafi'u. Da zancen ya tabbata, da tushen fikihun Malikiyya ya girgiza.

Malamai ba su mai da martani da zagi ba, sai da hujja. A 1953 Muhammad Hamidullah ya buga Sahifar Hammam ɗan Munabbih, almajirin Abu Huraira, mai hadisai 138, aka ga sun dace da abin da ke cikin Musnadin Ahmad. Muhammad Mustafa al-A'azami kuma, a kundin digirinsa na Kambirij a 1966, ya lissafa Sahabbai 50 da suka rubuta hadisi. Ya kuma nuna cewa an haifi Malik wajen shekara ta 93, Nafi'u ya rasu wajen 117, ashe Malik ya haura shekara ashirin a lokacin. A 1991 Harald Motzki, Bajamushe, ya bi Musannaf na Abdurrazaƙ ruwaya ruwaya, ya iske da yawansu sun girmi zamanin da Schacht ya yanka.

Saboda haka ɗalibi kada ya firgita da littafin Bature, kada kuma ya haɗiye shi ba tauna. Makaminsa shi ne Larabci, da sanin maruwaita, da shekarun haihuwarsu da rasuwarsu. Allah Shi ne Masani.