Darasi na Bakwai: Ƙuma da Kwarkwatar Kaji a Gidajen Karkara (Nazari daga Ƙasar Miga)

1.0 Gabatarwa

Miga ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Tana cikin kwarin Kogin Haɗeja, inda ake noman shinkafa da kamun kifi da kiwo. Da wuya a shiga gida a wannan yanki ba a tarar da kaji suna tone-tone a tsakar gida ba. Galibin kajin nan na mata ne da yara, kuma su ne asusun da ake fasawa idan buƙata ta taso, kamar sayen magani ko littafin makaranta ko karɓar baƙo. Wannan darasi zai yi nazarin ƙananan ƙwarin da ke addabar waɗannan kaji. Babban abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, wasu ƙwarin a jikin kaza suke zaune, wasu kuwa a cikin akurki. Wanda bai bambance su ba, zai yi ta magani ba tare da ganin biyan buƙata ba.

2.0 Rabe-raben Ƙwarin

A maganar yau da kullum, Bahaushe kan kira duk wani ɗan ƙwaro da ya gani a jikin kaza da sunan ƙuma ko kwarkwata. Amma idan aka lura da kyau, za a ga sun kasu zuwa gida biyar.

(a) Kwarkwatar kaji: Launinta ɗorawa-ɗorawa ne, tana da ƙafafu shida, kuma tana gudu a kan fata idan aka buɗa gashi. Abincinta shi ne gashi da ɓawon fata. Duk rayuwarta a jikin kaza take yin ta. Takan manne ƙwayayenta a gindin gashi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 7, su balaga cikin kimanin mako uku. Idan ta rabu da jikin tsuntsu, 'yan kwanaki kawai take yi ta mutu.

(b) Jar ƙuma: Wannan dangin kaska ce da gizo-gizo, domin balagaggiyarta ƙafafu takwas gare ta. Toka-toka ce, sai ta sha jini take yin ja. Da rana tana ɓoye a tsagar bango da ta itace, da dare ta fito ta tsotsi jinin kaza ta koma. A lokacin zafi takan kammala zagayen rayuwarta, daga ƙwai zuwa balaga, cikin mako guda, kuma tana iya yin watanni ba ta ci komai ba.

(c) Ƙuma mai maƙalewa: Ita ce baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ake gani sun yi cincirindo a kewayen idon kaza da jan naman kanta. Takan kafa baki a fata ta zauna wuri guda, amma ƙwayayenta ƙasa suke zuba, 'ya'yanta su girma a cikin ƙura da kashin kaji.

(d) Kaskar kaji: Ita ma da dare take fitowa. Maɓoyarta tsagar bango ce da ɓawon bishiyar da kaji ke kwana a kai. Ban da shan jini, takan yaɗa cutar da ke sa zazzaɓi da koren zawo.

(e) Ƙwaron ƙafa: Ido ba ya ganinsa. Yakan kutsa ƙarƙashin ɓawon ƙafar kaza, ƙafar ta yi kaushi, ta yi fari, ta kumbura, har tafiya ta yi wuya.

3.0 Dalilan Yaɗuwarsu a Yankin

Yawancin akurkin karkara da laka ake gina shi, wasu kuwa tsohuwar tukunya ko ƙarƙashin rumbu suke mayarwa makwancin kaji. Laka na tsagewa idan ta bushe, kuma kowace tsaga maɓoya ce. Zafin bazara yana hanzarta ƙyanƙyasar ƙwarin, laimar damina kuma tana taimaka wa 'ya'yan ƙuma su rayu a ƙasa. Ambaliya irin wadda ta auka wa Miga da maƙwabtanta, kamar Auyo da Kafin Hausa, a shekarun 2020 da 2022, takan tilasta wa jama'a kwashe kaji da zabi da agwagi su haɗa su wuri ɗaya a kan tudu. Cunkoso irin wannan hanya ce mai sauƙi ta yaɗuwar ƙwari. Haka nan kazar da aka sayo daga kasuwa, kamar ta Gujungu, aka sake ta cikin garke a ranar, tana iya shigo da su. Tattabaru da tsuntsayen daji da ke sheƙa kusa da gida su ma sukan ɗauko su.

4.0 Illa da Alamomi

Kazar da ƙwari suka kama takan yawaita susa da tsigar gashinta, ta rame, ƙwanta ya ragu, jan naman kanta ya koɗe saboda ƙarancin jini. 'Yan tsaki kan mutu, domin ɗan jinin da ke jikinsu bai taka kara ya karya ba. Asarar da ta fi ciwo ita ce ta kaza mai kwanci. Kwana 21 take buƙata a kan ƙwai, wanda ya isa jar ƙuma ta hayayyafa har sau uku a cikin sheƙar. Idan cizo ya ishe ta, sai ta tashi ta bar ƙwan ya lalace, mai ita ta yi asarar ƙwai da 'yan tsakin da take sa rai.

Hanyar bincike iri biyu ce. Da rana a kama kaza a buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na kewayen dubura, a duba fuska da ƙafafu. Da dare kuma a haska tocila a cikin akurki, ko a goga farin ƙyalle a bango da sandar da kaji ke hawa. Idan aka ga ɗigon jini a ƙyallen, to jar ƙuma ce. Wata alamar ita ce kaji su ƙi shiga akurki da magariba. Ya kamata a sani cewa kwarkwatar kaji ba ta zama a jikin mutum, amma jar ƙuma da ƙuma mai maƙalewa sukan ciji mutane su sa ƙaiƙayi, musamman yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da kaji.

5.0 Magani da Rigakafi

Tun da maɓoyar ƙwarin ta bambanta, dole magani ya bi su inda suke.

A jikin kaza: A tanadi wuri busasshe a zuba tokar itace da rairayi mai laushi, kaji su riƙa birgima a ciki. Wannan tsohuwar dabara ce mai rage kwarkwata, sai dai ba ta isa ita kaɗai ba idan abin ya yi yawa. A irin wannan hali sai a nemi hodar ƙwari wadda aka yi domin kaji, bisa shawarar malamin dabbobi. Ƙuma mai maƙalewa da ƙwaron ƙafa kuwa, ana shafa musu man kaɗanya ko basilin domin ya toshe musu numfashi, a kuma kiyaye kada man ya shiga ido.

A cikin akurki: A fitar da kaji, a share kashi da tsohuwar ciyawar sheƙa a ƙone su nesa da ɗaki. A kwarara tafasasshen ruwa a kan sanduna da tukwane, a shanya su a rana. A yi yaɓe a toshe duk wata tsaga, a shafe bango da farar ƙasa. Kafin a ba kaza ƙwai ta kwanta, a sabunta mata sheƙa a barbaɗa toka.

Maimaitawa: Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwayayen ƙwarin. Saboda haka wajibi ne a sake yin aikin bayan kwana 7 zuwa 10, kuma a haɗa dukkan kajin gidan, ba wadda aka ga tana susa kaɗai ba. Sabuwar kaza kuwa a keɓe ta na mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Bahaushe dai ya ce rigakafi ya fi magani.

6.0 Hattara da Guba

Wasu masu kiwo kan shafa wa kaji kananzir ko baƙin mai, wasu kuma su fesa musu fiya-fiya ko maganin feshin gona. Kananzir na ƙona fata, maganin gona kuwa yana iya kashe kazar, ko ya shiga ƙwai da nama ya cutar da masu ci. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa ga rayuka. Matsalar ba ta tsaya ga ƙauye ba. A shekarar 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kantunan Turai, bayan da aka gano an yi amfani da wani haramtaccen magani mai suna fifuronil wajen kashe jar ƙuma a gonakin kaji na ƙasashen Holan da Beljiyam. Don haka duk wanda zai sa magani, ya tambayi malamin dabbobi ko malamin gona na hukumar JARDA tsawon kwanakin da za a dakata kafin a ci ƙwai ko nama.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sunan ƙuma ya tattara ƙwari mabambanta, kuma sanin maɓoyar kowanne shi ne rabin magani. Malamin da aka tura ƙauye yana da damar isar da wannan ilimi, domin ɗalibansa ne ke buɗe akurki da safe su rufe da yamma. Idan ya koya musu duba kaza da rana da duba akurki da dare, saƙon zai isa ga iyayensu mata, waɗanda su ne masu dukiyar.

Jinga

1. Bambance tsakanin kwarkwatar kaji da jar ƙuma ta fuskar abinci da maɓoya.
2. Me ya sa ake maimaita magani bayan kwana 7 zuwa 10?
3. Tattaro sunayen da ake kiran waɗannan ƙwari da su a karin harshen garinku, ka kwatanta su da na wannan darasi.
4. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan tsabtace akurki.