Yadda ake taimakon wanda tururuwa ta harba

Da farko a janye mutum daga wurin. Tururuwa mai dafi takan damƙe fata da baki, sannan ta lanƙwaso gindi ta soka ƙari. Ba ta barin ƙarin a jiki kamar ƙudan zuma, shi ya sa guda ɗaya kan yi harbi a jere. A kakkaɓe su da tsumma, a duba cikin wando da takalmi da bakin zani. Watsa ruwa ba ya sa wadda ta riga ta kama fata ta saki.

Sai a wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora na minti 10. In a hannu ne, a zare zobe tun kafin yatsa ya kumbura. In ƙaiƙayi ya dame shi, ƙwayar Piriton ko cetirizine ta wadatar.

Masu shafa toka ko kanwa don su kashe dafin suna wahalar banza ne, domin dafin ya riga ya shige ƙarƙashin fata. Asid ɗin fomik da aka san tururuwa da shi ma, masu fesa shi ba su da ƙari. Masu harbi nasu dafin daban ne. Ɗauki jar tururuwar wuta, wadda ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwan Mobile a shekarun 1930: kusan kashi 95 cikin 100 na dafinta wani sinadari ne, solenopsin, mai kashe ƙwayoyin fata. Shi ke fito da farin ƙurji mai kan allura washegari. Kada a matse shi. Farce ne ke kai masa ƙwayar cuta.

Ɗan abin da ya rage na dafin furotin ne, kuma a nan haɗarin yake. A harbin farko, ko wani daga baya, jikin wasu mutane yakan ƙera sojojin kariya da ake kira IgE, su zauna jira. Ranar da aka sake harbinsu, sai jiki ya kwararo sinadarin histamin gaba ɗaya: jijiyoyin jini su saki, maƙogwaro ya kumbura. Don haka cewa "ai cinnaka ya sha cizona ban ga komai ba" ba hujja ba ce. Likitocin Saudiyya sun sha karɓar waɗanda baƙar tururuwar samsum, 'yar asalin Afirka, ta kai wannan hali.

Saboda haka a zauna da mutumin na awa guda ana lura. Zafi da kumburi a wurin harbi kaɗai, ko da sun yi faɗi, ba abin tashin hankali ba ne. Amma in borin jini ya feso a inda ba a harba ba, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya fara fito, ko jiri da amai suka taso, to babu sauran jira. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya ƙi, ya zauna ƙafafu a miƙe. Mai ciki kuma ta kwanta a gefen hagu. Kada a bari ya miƙe ya taka zuwa mota, a ɗauke shi cak, don miƙewa na iya sa jini ya kasa komawa zuciya.

Maganin wannan hali allurar adrenalin ce a tsokar cinya ta gefen waje, miligiram 0.5 ga babba, a maimaita bayan minti 5 in ba sauƙi. Piriton ba ya buɗe maƙogwaron da ya toshe, balle manja ko madara. Ɗura wa mai shaƙewa abu ƙara masa haɗari ne. A nufi asibiti mafi kusa, kuma tun daga ƙofa a faɗi cewa harbin ƙwaro ne, ga lokacin da ya faru.

Ko ya warware bayan allura, ya tsaya a asibiti sai likita ya sallame shi, domin abin yakan dawo bayan wasu awoyi. Kafin ya tafi, ya tambayi yadda zai samu adrenalin na ajiyewa a gida, a kuma koya wa iyalinsa yadda ake yin allurar.