Ɓoye Sunan Wi-Fi Ba Ya Korar Ɓarawon Data

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kukan da magidanta ke kawo mini iri ɗaya ne: an zuba wa rautar gida datar wata guda, kafin wata ya raba ta ƙare ƙaf. Idan na tambayi mutum matakin da ya ɗauka, sai ya ce, "Ai na kai wa yaran nan na kasuwar waya, sun ɓoye mini sunan Wi-Fi ɗin, yanzu ba mai ganinsa." Ya biya ladan aiki, ya koma gida hankali kwance, data kuwa tana nan tana zurarewa yadda ta saba. Wannan dabara ta ɓoye suna ta gama zagaye zaurukan WhatsApp, kowa na tura wa ɗan'uwansa a matsayin babban sirri. Maganar ta ishe ni, domin tana cin kuɗin bayin Allah sau biyu: kuɗin mai gyara da kuɗin data.

Ku saurara da kyau. Rauta tana shelar kanta a iska kusan sau goma a kowace daƙiƙa, ko an ɓoye sunanta ko ba a ɓoye ba. Iyakar abin da ɓoyewar ke yi shi ne barin gurbin sunan fayau a cikin shelar. Da zarar wayarka ta zo hawa, sai ta ambaci sunan a fili ba tare da wani rufi ba, kuma akwai manhajojin kyauta da ke cafke shi nan take. Wannan ma ga baƙon ɓarawo ke nan. Yaron maƙwabta da ya riga ya san sunan da kalmar sirrin ba ya bukatar wata manhaja, rubuta su zai yi da hannunsa ya shige. Tamkar ka cire allon sunanka ne daga ƙofar gida, ka bar ƙofar ba kwaɗo. Bayan haka kuma, wayarka ce za ta koma cigiyar rautar da suna, tana kiransa a kasuwa da ofis da tasha, duk inda ka sa ƙafa. Wasu na'urorin, irin su talabijin da firinta, sai su riƙa gardama wajen hawa. Wahala ka saya da kuɗinka, tsaronka bai ƙaru da komai ba.

Dabara ta biyu da ake sayar wa mutane ita ce toshe waya ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke nunawa idan ta hau Wi-Fi. Mai gyara zai nuna maka wayar da ba ka sani ba a cikin jeri, ya danna mata toshewa, ka ji daɗi. Abin da bai gaya maka ba shi ne, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar lambar wucin gadi ga kowane Wi-Fi da suka hau. Yaron da ka toshe da safe zai shiga saitin wayarsa ya taɓa wuri ɗaya, lambar ta sauya, ya dawo da yamma a matsayin sabon baƙo. Idan ka juya tsarin, ka ce lambobin da ka rubuta kaɗai za su hau, ka ɗan rage kutsen yaran unguwa. Amma lambar nan a fili take yawo cikin iska, wanda ya san hannunsa zai kwafi ta wayarka ya shiga da ita.

Ta uku kuwa ƙarya ce tsagwaronta: wai idan ka sauya DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 za ka sami data kyauta, ko gudun intanet ɗinka ya ninka. Aikin DNS shi ne ya karɓi sunan shafin da ka rubuta ya nemo lambar inda shafin yake. 8.8.8.8 mallakar Google ne tun 2009, 1.1.1.1 kuma na Cloudflare ne tun 2018. Suna iya sa shafi ya ɗan buɗe da wuri idan na kamfanin layinka yana jan ƙafa, amma ko megabait ɗaya ba sa ƙara maka, ba kuma sa rage abin da bidiyo zai ci. Amfanin gaske da iyaye ya kamata su sani shi ne 1.1.1.3 da 1.0.0.3, waɗanda ke tace shafukan batsa da na cutar da na'ura ga duk wanda ya hau rautar gidan. Su ma ba sa maye gurbin sa ido a kan yara, domin yaro na iya zagayewa ta VPN ko ta datar wayarsa.

To, ina datar take tafiya? Hanyoyin ba su da yawa. Ko dai kalmar sirrinka ta fita, domin duk wayar Android ta zamani tana iya nuna ta a hoton QR, wani ya ɗauka cikin ƙiftawar ido, ɗanka ya ba abokinsa, abokin ya ba nasa abokin. Ko kuma na'urorin gidanka ne da kansu: waya tana ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin wanda ba shi da iyaka, sai ta jira dare ta kwashe hotuna da bidiyoyi zuwa ma'ajiyar intanet, ta sabunta manhajojinta. Talabijin kuma ba a magana, a ƙiyasin Netflix kallon awa ɗaya a 4K yana iya cin gigabait 7, a HD kuma gigabait 3. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Yanzu ga gargaɗin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan nanata shi har ya zauna. Rautarka tana da kalmomin sirri guda biyu. Akwai wadda kake ba mutane su hau Wi-Fi, akwai kuma ta shiga shafin sarrafa rautar kanta, wanda ake buɗewa ta burauza da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin rautocin Huawei. Mafi yawan masu kawo mini kuka ba su ma san da ta biyun ba. Tana nan yadda ta fito daga masana'anta, sau da yawa admin a sama admin a ƙasa, ko kuma a rubuce a takardar da aka manna a bayan rautar, inda duk wanda ya shigo falo zai iya juyawa ya karanta.

Ka san abin da wanda ya shiga wannan shafi zai iya yi? Zai cire kansa daga jerin waɗanda ka toshe, ya toshe ka kai mai gidan. Zai karanta kalmar Wi-Fi, ko ya sauya ta gaba ɗaya. Zai iya sauya DNS ɗinka zuwa nasa, ta yadda idan ka rubuta sunan wani shafi za a kai ka na bogi mai kama da shi. Idan rautar mai cin layin waya ce, a shafin nan ake karanta saƙonnin tes da ke shigowa layin, a nan kuma ake tura saƙo. Layin nan da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista, duk ɓarnar da aka yi da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Saboda haka kada ka kuskura ka sa layin da bankinka ke turo maka lambobin tabbatarwa a cikin rauta. Na ga gidaje da dama da suka yi haka don kawai layin yana da garaɓasar data. Ganganci ne babba.

Kada wani ya ce ai ba mai damuwa da ƙaramar rautar gidansa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana gwada kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 a kan kyamarori da rautoci. Da wannan ɗan jeri ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, aka haɗa ƙarfinsu aka kai wa kamfanin Dyn, mai yi wa manyan shafuka aikin DNS, hari a watan Oktoba na shekarar, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka na tsawon sa'o'i. Masu na'urorin ba su san ana yaƙi da kayansu da datarsu ba. Birtaniya ta ɗauki darasi, tun watan Afrilun 2024 dokarta ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin hasashe. Mu a nan fa? Ana miƙa wa mutum kwali da 'yar takarda mai ƙananan rubutun Turanci, a karɓi kuɗinsa, a sallame shi. Minti biyu sun ishi ma'aikacin shago ya tsaya a kan mai saye har ya sauya wannan kalma, amma ba a yi. Masu gyaran kasuwa kuma, ku ji tsoron Allah. Wanda ya iya shiga shafin ya ɓoye suna, ya ga wurin sauya kalmar sarrafawa da idonsa. Barinta a buɗe bayan an karɓi kuɗin mutum cin amana ne.

Ƙofa ta biyu da ake bari a buɗe ita ce WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da wata lamba ko da danna maɓalli ba tare da rubuta kalmar sirri ba. A watan Disambar 2011 wani mai bincike ɗan ƙasar Austriya, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar WPS mai alƙaluma takwas ba a tantance ta a dunƙule. Rauta tana duba rabin farko daban, rabin ƙarshe daban, alƙalami na takwas kuma lissafi ne kawai daga sauran bakwai. Sakamakon haka, maimakon gwaji miliyan 100, gwaji 11,000 ya isa a fasa ta, kuma da an fasa rautar da kanta za ta miƙa kalmar Wi-Fi komai tsawonta. Sababbin rautoci suna kulle kansu idan an yi kuskure sau kaɗan, amma tsofaffi da masu araha da suka cika kasuwanninmu ba duka ke yin haka ba. Maɓallin WPS na jikin rauta ma haɗari ne: baƙo ya danna shi, yana da minti biyu ya hau ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Ga abin yi, kuma a bi shi daki-daki. Idan rautar ta taɓa shiga hannun da ba ka yarda da shi ba, ka mayar da ita yadda ta fito ta hanyar danne ɗan ramin Reset na kimanin daƙiƙa goma. Kafin nan ka rubuta bayanan haɗin da kamfani ya sa maka, musamman idan intanet ɗinka na faiba ne, domin za su goge. Da ka shiga shafin, abu na farko shi ne sauya kalmar sarrafawa, ka rubuta ta a takarda ka adana inda kake ajiye takardun gida. Kada ta zama iri ɗaya da ta Wi-Fi.

Sai tsarin kulle Wi-Fi. Ka zaɓi WPA3 idan na'urorinka sun yarda, in ba haka ba WPA2 mai AES. Tsohon tsarin WEP an fasa shi tun 2001, duk rautar da ba ta da abin da ya wuce shi ta gama aiki, a sayi wata. Kalmar sirrin kada ta gaza haruffa 12, tsarin yana karɓar har 63. Ban da lambar wayarka, ban da sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, waɗannan ne farkon abin da maƙwabci ke gwadawa. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka sa alƙaluma a tsakani. Sannan ka kashe WPS, ka kashe Remote Management, ka kashe UPnP idan ba wani wasan kwamfuta da ke bukatarsa. Idan mai sa maka kyamarar tsaro ya ce zai jefa ta cikin DMZ don ka riƙa kallo daga nesa, ka hana shi, domin hakan yana buɗe dukkan ƙofofin na'urar ga duniya.

Baƙunta kuwa ba za mu daina ta ba, kuma ba daɗi baƙo ya roƙi Wi-Fi ka hana shi. Maganin wannan shi ne Guest Network: suna daban, kalmar sirri daban, wanda ya hau ba ya kaiwa ga shafin sarrafawa ko sauran na'urorin gida idan ka kunna zaɓin da ke raba baƙi da su. Ka riƙa sauya kalmarsa bayan biki ko suna ko hutun 'yan makaranta. A wayoyin gida da kwamfutoci kuma ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka nuna musu cewa datar a ƙidaye take, ka rage ingancin bidiyon talabijin zuwa abin da aljihunka zai ɗauka.

Masu kukan rashin gudu, ku bar dabarun WhatsApp ku duba tashar da rautar ke kai. A zangon 2.4GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ka zaɓi wadda maƙwabta ba su cika ba, ka bar faɗinta a 20MHz. Zangon 5GHz ya fi gudu amma ba ya ratsa bangon bulo sosai, don haka na kusa da rauta ne. Ba shi da alaƙa da 5G na layin waya, yana cikin tsarin Wi-Fi tun 1999, masu kashe shi don tsoron cuta gudunsu kawai suke ragewa. Ka ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, ka fitar da ita daga bayan talabijin. Idan za ka sabunta manhajar cikinta, wanda ya kamata ka riƙa yi, ka tabbatar tana kan inbata ko wutar da ba za ta ɗauke ba, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe rautar gaba ɗaya.

Duk wannan aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma ba ya bukatar ko kwabo, sai dai idan rautar ce ta gama aiki. Maigida, uwargida, kada ku jira data ta sake ƙarewa. Ku buɗe shafin rautarku yau, ku sauya kalmar sarrafawa, ku kashe WPS, sannan ku riƙa leƙa jerin na'urorin da ke kai duk mako. Wanda kuma ya sake turo muku dabarar ɓoye suna, ku gaya masa gaskiya don kada shi ma a ci kuɗinsa a banza.