Kafin Ka Ɗaure Kaya Zuwa Haɗeja

Duk wanda zai kai kayan aikin hannu kasuwannin ƙasar Haɗeja, ko zai je neman tsofaffin kaya don ya sayar a wani gari, to ya fara tambayar halin da kogi yake ciki kafin ya tambayi kuɗin mota. A wannan yanki ruwa ne ke buɗe kasuwa, shi ne kuma ke rufe ta. A watannin Agusta da Satumba Kogin Haɗeja yakan cika ya batse, ya shiga fadamu da gonaki, wata shekarar har da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. A irin wannan lokaci wasu ƙauyukan Auyo da Kiri Kasamma da Guri sai da kwalekwale ake isa gare su. Ko hanya ta yi kyau ma, kuɗin mutane yana gona, ba mai sauraron mai tallar hula ko zabira.

Lokacinka shi ne kaka da abin da ya biyo baya, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu. An yanke shinkafa, an kaɗe riɗi, zoɓo ya shiga buhu, ruwa ya ja baya ya bar kifi a tafkuna, masunta suna ta banda. A nan ne ake sa ranar aure, iyaye mata su fito neman kayan ɗaki. Akwai kuma wata ƙaramar kaka wajen Maris da Afrilu, sa'ad da manoman rani ke girbe alkama da sauran amfanin fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya sauya, noman rani ya ƙara ƙarfi, musamman a filayen ban-ruwa na Auyo, don haka kada ka raina wannan kaka ta biyu. Zafi dai yana da tsanani a lokacin, sai ka shirya wa kanka inuwa da ruwan sha.

Daga Kano tafiyar ta kai wajen kilomita 200, kuma hanyar ta bi ta Gujungu, inda babbar kasuwa ke ci ranar Lahadi. Maigatari, can bakin iyaka da Nijar ta wajen Gumel, tana ci ranar Alhamis, kuma ko da yake an fi saninta da dabbobi, inda makiyayi ya sayar da sa nan yake sayen igiya da takalmi da ƙwarya. 'Yan koli sun daɗe da sanin wannan: ba su zama kasuwa ɗaya, suna bin ranaku ne, yau nan gobe can. Ka yi koyi da su, ka tsara makonka bisa ranakun kasuwannin ƙauyuka, ka mai da garin Haɗeja masauki. A tasha ka gama maganar kuɗin kaya da ɗan kamasho kafin a ɗaure su, kuma idan da tukwane ko ƙorai a ciki, ka shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko ciyawa, ka tsaya da kanka ka ga inda aka sa su.

Yanzu ga babban abin da nake so ka riƙe. Mai sayen kayanka a nan, sau da yawa shi ma mai sana'ar hannu ne, ko ɗan mai sana'a. Wannan ƙasar goruba ce. Daga kabarta ake saƙa tabarma da kwando da faifai, a tufka igiya, kuma aiki ne da gidaje masu yawa ke ci da shi, galibi ta hannun mata da tsofaffi. Masunci na iya saƙa komarsa ya gyara tarunsa. Bafulatanar da ta kawo nono ta san ƙwarya mai ƙwari tun daga ƙarar da take yi idan an ƙwanƙwasa. Irin waɗannan mutane ba ado kawai suke saye ba, abin amfani suke nema. Tsohuwa za ta juya faifanka ta duba bayansa ta ga ko ɗinkin ya matse. Manomi zai lanƙwasa takalmin fata ya shinshina, ya gane ko jimar ta nuna da bagaruwa ko an yi mata gaggawa. Idan aikinka na ganin ido ne, wanda ake rataye wa a bangon otal, to ka bar shi a birni. A ganina babu makarantar da ta fi wannan kasuwa ga matashin da ke son ya san ko hannunsa ya faɗa.

Saboda haka kada ka kawo tabarma garin masu tabarma. Ka kawo abin da ya yi musu nisa: rini mai kyau irin na marinar Ƙofar Mata ta Kano, hula mai aikin allura, zabira da jakar fata da gafaka, turaren wuta haɗin hannu, zanen gado da matasai masu aiki don ɗakin amarya. Idan Sallah ta gabato, kayan doki suna da kasuwa, domin Haɗeja gari ne na mahaya kuma hawan Sallarta ba wasa ba ne. Ka riƙa haɗa kaya masu tsada da ƙananan da yaro ko baiwar Allah za su iya saya da canjin cefane, don su ne ke tara maka jama'a a gaban shimfiɗa.

Idan ka isa kasuwa kada ka baza kaya inda ka ga fili. Kowane gefe da masu shi, ko da babu rumfa. Ka nemi sarkin kasuwa ko shugaban masu irin sana'arka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Baba, baƙo ne ni, na zo da ɗan kaya, ina neman inda zan raɓa.” Wannan gaisuwar ta fi kowace takarda. Kuɗin da ma'aikatan ƙaramar hukuma ke karɓa ka biya, ka karɓi rasit, ka adana. In kayanka na sari ne, ka sami dillali, ku yanke la'ada tun kafin ciniki ya faɗa, a gaban shaida. Wanda zai kwana biyu kuma ya nemi fatoma ta hannun wanda ya sani, domin shi ne zai ajiye maka kaya ya kuma tsaya maka idan magana ta taso.

Ciniki a nan da natsuwa ake yinsa. Idan an taya ƙasa, ka ce albarka da sakin fuska. Kada ka faɗi kuɗin da ya ninka na gaskiya har sau uku don ka ga baƙuwar fuska ko ɗan ƙauye, saboda labari yana riga ka isa kasuwar gobe. In ka sallama, ka sallama, ko da wani ya zo da ƙari. Ka riƙe kuɗin hannu da canji, domin masu POS suna nan a gari da manyan kasuwanni, amma sabis yakan yanke a ƙauye, kuma wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba ya buƙatar a tuna masa. Kada ka saki kaya don an nuna maka hoton tura kuɗi a waya, sai ka ga shigarsu. Ke kuma 'yar'uwa mai sana'a, kina da damar da namiji ba shi da ita: kina iya shiga gidaje. Ciniki mai yawa na kayan ɗaki a tsakar gida ake ƙulla shi, ta hannun dillaliya, musamman gidan da ake shirin biki.

Wata 'yar shawara da ba a cika ba baƙo ba: Haɗeja cibiyar cinikin kifi ce, ɗanye da banda, ana lodinsa zuwa garuruwa masu nisa. Ka je ka gani, ka sayi tsaraba. Amma yadi da hula da fata suna shan ƙauri, kuma ba ya fita da sauƙi. Kada ka yarda a haɗa kayanka da kwalin kifi a mota ɗaya.

Da yawa cikin masu zuwa ba sayarwa kaɗai ke kawo su ba, suna sarin kayan kaba su kai birni. Babu laifi, ciniki ne halal. Sai dai ka tuna kwana nawa mace take yi kafin ta gama tabarma ɗaya, bayan an yanko kabar, an shanya, an tsaga, an rina. Idan ka same ta ranar da take neman kuɗin magani ka karya mata farashi, ka ci riba, amma ba za ta sake zuba maka ƙwarewarta ba. Abin da ya fi shi ne ka ba da aiki: ka faɗi girma da launin da masu sayenka ke so, ka ba da kafin alƙalami, ku sa rana, ka cika alkawari. Haka ake samun kayan da ba kowa ke da irinsu ba.

Maganar tsofaffin kaya ita ce mai buƙatar taka-tsantsan. Akwai su kuwa. Za ka ci karo da tasoshin tagulla da tsofaffin kwanonin sha da langa da uwayenmu suka yi jere da su, da akushi wanda ya yi baƙi don daɗewa, da fitilar ƙwai, da akwatin ƙarfe, da likkafa da linzami na da. Wurin 'yan koli da 'yan gwangwan akan tsinci anini da kwabo mai huji da sule, kuɗin da aka ci kasuwa da su kafin naira ta zo a 1973. Malam Madori, da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, ta ga zamanin cinikin gyaɗa, kuma garuruwa irinta ba su rasa ragowar kayan wancan lokaci. Yawancin waɗannan ba su da matsala, ka saya ka goge ka sayar a Kasuwar Kurmi ta Kano ko ga masu sha'awa. Kada dai ka kankare tasa har ta koma kamar sabuwa, tsufan shi ne darajarta. Kada kuma ka binne sabon ƙarfe a ƙasa ka ce na kakanni ne. Wannan ha'inci ne, kuma masana suna ganewa.

Amma akwai iyaka, ta doka da ta mutunci. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa a 1979 ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da izini ba. Ka dubi abin da wannan ke nufi a Haɗeja. Wannan ne garin Sarki Buhari, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 19 ya gagari Sakkwato. Nan ne a 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka yi yaƙi a cikin gari, ya rasu tare da jarumansa da yawa, shi ya sa har yau ake kiransa Mai Shahada. Takobi ko sulke ko mashin da ke rataye a wani soro a garin nan yana iya zama na mutumin da ya faɗi a ranar. Irin wannan ba haja ba ce. Haka ma Alƙur'ani rubutun hannu da takardun malamai na ajami: idan suka bar gidan da aka san tarihinsu, sun zama takarda kawai a hannun wanda bai san mai rubutun ba.

Sannan akwai haƙƙin gado. Yaro zai iya fito maka da tasar kakarsa a ɓoye don yana son kuɗin waya. Ka tambaye shi, “Na wane ne? Magada sun sani?” In ya fara kame-kame, ka mayar masa. Idan babba ne ya kawo kuma ka ga abin ya shafi tarihin gari, ka ba shi shawara ya kai maganar ga mai unguwa ko hakimi, a sanar da fada. Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, yana kan karaga tun 2002, kuma masarautar ita ce ta fi cancanta ta san inda irin waɗannan kaya suke.

Fatun namun daji da tsuntsaye ma ka nisance su. Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wuri ne da aka keɓe, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci. Tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a wannan yanki. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, kuma jakar fatar kada ko ta mesa tana iya jawo maka abin da ya fi ribarta. Ka je Baturiya da ɗan rakiya lokacin sanyi ka ba idonka abinci, ya ishe ka.

Game da taruka, ranakun hawan Sallah su ne gari ke cika, 'yan asalin Haɗeja na nesa duk sun dawo gida, ga baƙi. Ka kama wuri da wuri, nesa da hanyar dawaki, ka fi ba da ƙarfi ga ƙananan kayan tsaraba. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa su ma masu saye ne, kuma su ne za su ɗauki hoton kayanka su yaɗa a WhatsApp, don haka ka rubuta lambar wayarka a kwali ka kafa. Kayan da ka saro daga fadama kuwa, bajekolin Kano da na Kaduna suna jiransu, sai dai kuɗin rumfa a can ba kaɗan ba ne, gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaya.

In ka kai su can, don Allah ka faɗi gaskiyar inda suka fito. Ka ce tabarmar nan saƙar matan ƙasar Haɗeja ce, ka ambaci ƙauyen, kuma idan kaka ta zagayo ka koma wurin waɗanda suka yi maka aikin da farashin da ya fi na bara.