Ƙyamar Masu Cutar Ƙanjamau: Darasi Daga Harare

Ba a ɗaukar cutar ƙanjamau ta musafaha ko ta cin tuwo kwano ɗaya, amma jahilci ya sa ana gudun mai ita. A shekarar 1998 aka kashe wata mace, Gugu Dlamini, kusa da Durban a Afirka ta Kudu, don ta bayyana tana da cutar. Mai tsoron irin wannan ƙyama yakan ɓoye ciwonsa, baƙin ciki ya cinye shi, har ya daina shan magani.

A Harare, babban birnin Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su riƙa zama bisa benci a harabar asibiti, su saurari mai damuwa, su taimake shi warware matsalolinsa ɗaya ɗaya. Aka jarraba dabarar da mutum 573, wajen 4 cikin 10 masu cutar ne. Sakamako ya fito a 2016. Bayan wata shida, 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna benci ke da sauran damuwa mai tsanani, amma cikin waɗanda ba su zauna ba, rabi ne.

Saboda haka wajibi ne hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwa kada a tsangwami kowa, gama dokar Nijeriya ta 2014 ta hana nuna wa masu cutar bambanci. Malamin hakimi kuwa, lalle ya riƙe asirin wanda ya kawo kuka.